John na Gaunt

John na Gaunt (an haife shi a watan Maris 1340, ya rasu ranar 3 ga Fabrairu 1399) basarake ne kuma jagoran yaƙi ɗan ƙasar Ingila, daga gidan sarautar Plantagenet. Shi ne na uku cikin 'ya'ya maza na Sarki Edward na III da suka rayu har suka girma. Ya riƙe sarautar Duke na Lancaster daga 1362 har rasuwarsa, kuma a zamaninsa babu wanda ya kai shi dukiya a Ingila in ban da sarki. Bai taɓa hawa karagar mulkin Ingila ba, amma rigimar da ta tashi a kan gadon da ya bari ita ce ta yi sanadin tuɓe Sarki Richard na II, ta kuma ɗora ɗansa Henry na IV a kan mulki.

Haihuwa da suna

An haife shi a birnin Ghent na yankin Flanders, cikin ƙasar Beljiyam ta yanzu, lokacin da mahaifinsa yake neman goyon bayan biranen yankin a farkon Yaƙin Shekaru Ɗari tsakanin Ingila da Faransa. Mahaifiyarsa ita ce Philippa ta Hainault. Kalmar Gaunt ba sunan dangi ba ce, sunan birnin Ghent ne yadda mutanen Ingila na wancan lokaci suke furta shi. Haihuwarsa a ƙetare ta ba maƙiyansa abin faɗa daga baya, suka riƙa baza jita-jitar cewa ɗan wani mahauci ne na Ghent da aka musanya da jaririn sarauniya.

Ita kuma kalmar Duke ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin jagora. Sabuwar sarauta ce a Ingila a lokacin, domin sai a 1337 aka fara naɗa ta, inda aka ba yayan John, wato Edward da ake wa laƙabi da Baƙin Yarima.

Auren Blanche da gadon Lancaster

A tsarin gadon Ingila na wancan zamani, babban ɗa namiji ne yake kwashe filaye gaba ɗaya. Ƙarami kamar John, ko da ɗan sarki ne, sai dai ya jira kyautar uba ko ya auri magajiya. Tun yana ɗan shekara biyu aka ba shi sarautar Earl na Richmond, amma arzikinsa na gaske ta hanyar aure ya zo.

A ranar 19 ga Mayu 1359 aka ɗaura aurensa da Blanche, 'yar Henry na Grosmont, Duke na farko na Lancaster, a garin Reading. Gidan Lancaster reshe ne na gidan sarauta. Ya faro ne daga Edmund ɗan Sarki Henry na III, wanda aka mallaka wa filayen da aka ƙwace daga 'yan tawaye irin su Simon de Montfort a shekarun 1260. Grosmont bai haifi namiji ba, 'ya'ya mata biyu ya bari, Maud da Blanche, kuma doka ta ce idan babu namiji mata su raba daidai. Da ya rasu a 1361 aka raba dukiyar gida biyu. A watan Afrilu 1362 Maud ta rasu ba ta bar ɗa ba, kasonta ya koma ga Blanche. A watan Nuwamba na wannan shekara sarki ya naɗa John sarautar surukinsa, yana da shekara 22.

Blanche ta rasu a 1368, ta bar 'ya'ya uku da suka rayu: Philippa, Elizabeth da Henry na Bolingbroke. Da yake sun haihu tare, doka ta ba John damar ci gaba da riƙe filayenta har iya rayuwarsa. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da ya faru a 1399, domin yawancin dukiyar ta mahaifiyar Henry ce, ba kyautar wani sarki ba da za a ce ya janye. Marubuci Geoffrey Chaucer ya rubuta waƙarsa The Book of the Duchess don tunawa da ita.

Girman dukiyar

John ya mallaki gidaje masu ganuwa kimanin talatin, cikinsu har da Pontefract, Tutbury, Leicester, Dunstanburgh da Kenilworth, inda ya gina katafaren zauren da kangonsa yake nan har yau. Filayensa sun bazu a kusan kowace gunduma ta Ingila da wani ɓangare na Wales. Kuɗin da suke kawo masa ya kai kimanin fam 12,000 a shekara, a lokacin da lebura yake samun 'yan fam kaɗan a shekara guda. Da wannan kuɗi yake biyan ɗimbin jarumai da barori albashi na dindindin, suna sanye da sarƙar wuya mai harafin S a jere, alamar gidansa. A 1377 aka ba shi iko na musamman a gundumar Lancashire, yana naɗa alƙalai yana kuma gudanar da kotuna da sunansa. A 1390 aka mai da wannan iko abin gado ga 'ya'yansa maza.

Yaƙi da siyasa

A fagen fama bai yi suna kamar yayansa ba. Ya halarci yaƙin Nájera a Sifaniya a 1367, inda aka yi nasara. A 1373 ya ja runduna daga Calais ya ratsa Faransa har Bordeaux. Faransawa suka ƙi tsayawa su gwabza da shi, yunwa da sanyin hunturu suka cinye masa mutane da dawakai masu yawa.

Da tsufa ya kama mahaifinsa, yayansa kuma yana jinya, ragamar mulki ta koma hannun John, bakin jini ma ya biyo. Majalisar dokoki ta 1376 ta tuhumi wasu na kusa da fada, shi kuwa ya warware hukuncinta bayan ta tashi. A watan Fabrairu 1377 ya tsaya wa malamin addini John Wycliffe a gaban manyan limamai a cocin St Paul, abin da ya jawo tarzoma a Landan. Edward na III ya rasu a watan Yuni 1377, jikansa Richard ɗan Baƙin Yarima ya gaje shi yana da shekara goma. Mutane da yawa sun zaci John zai ƙwace mulki daga hannun yaron. Bai yi ba, ko da yake wannan zargi bai bar shi ba tsawon shekaru.

A boren talakawa na 1381, wanda harajin kai ya haddasa, John na cikin waɗanda aka fi nema ruwa a jallo. Ranar 13 ga Yuni masu bore suka ƙone fadarsa ta Savoy a Landan. Rahotannin lokacin sun nuna cewa sun farfasa kayan zinariya da azurfa sun zuba a kogin Thames maimakon su kwasa. Shi yana arewa wajen sulhu da mutanen Sikotland, a can ya fake har ƙura ta lafa.

Neman sarautar Kastil

A 1371 ya auri Constance, 'yar Sarki Pedro na Kastil wanda ɗan'uwansa Henry na Trastámara ya kashe a 1369. Daga 1372 John ya riƙa kiran kansa Sarkin Kastil da León. Sai a 1386 ya samu tafiya da runduna, bayan ƙawance da Fotugal. Cuta ta ci sojojinsa, yaƙin bai kai ko'ina ba. Duk da haka bai dawo hannu rabbana ba. A yarjejeniyar Bayonne ta 1388 ya janye da'awarsa a kan kuɗin zinariya na Faransa 600,000 da kuma 40,000 duk shekara. 'Yarsa Catherine ta auri magajin Kastil, ita ce kakar Sarauniya Isabella. Philippa kuma ta auri Sarki João na I na Fotugal a 1387, ta haifi Yarima Henry wanda ya ɗauki nauyin jiragen ruwan da suka bi gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 15.

Katherine Swynford da gidan Beaufort

Katherine Swynford mai renon 'ya'yansa mata ce, kuma 'yar'uwar matar Chaucer. Ta haifa masa 'ya'ya huɗu ba tare da aure ba: John, Henry, Thomas da Joan, waɗanda aka sa wa sunan Beaufort. Bayan rasuwar Constance a 1394 ya aure ta a Lincoln a watan Janairu 1396, abin da ya ba manyan fada mamaki ganin ba 'yar babban gida ba ce. Fafaroma ya halatta 'ya'yan a 1396, Richard na II ya tabbatar a 1397. Ba su da rabo a gadon Lancaster, kuma a 1407 Henry na IV ya ƙara sharaɗin cewa ba za su gaji sarauta ba. Duk da wannan sharaɗi, ta tsatson John Beaufort ne Henry na VII ya kafa da'awarsa a 1485, Joan kuma ita ce kakar Edward na IV da Richard na III.

Rasuwa da rikicin gado

Bayan dawowarsa a 1389 John ya zama dattijon da ke shiga tsakanin Richard da manyan ƙasa. Sarki ya ƙara masa sarautar Duke na Aquitaine a 1390. A 1398 rigima ta ɓarke tsakanin Henry na Bolingbroke da Thomas Mowbray, kowa yana zargin ɗaya da cin amanar sarki. An shirya su kara da makami a Coventry a watan Satumba, sai Richard ya dakatar da karawar ya kori dukansu daga ƙasa, Mowbray har abada, Henry na shekara goma. Kafin Henry ya tafi, sarki ya ba shi takardar izinin cewa wakilansa za su iya karɓar duk gadon da ya faɗo masa yana waje.

John ya rasu a Leicester ranar 3 ga Fabrairu 1399. Richard ya shiga tsaka mai wuya: idan ya cika alkawari, mutumin da ya kora zai zama mafi ƙarfi a ƙasar. Ranar 18 ga Maris ya soke takardar, ya mai da korar ta har abada, ya raba riƙon filayen ga na hannun damansa. Wannan mataki ya tsorata duk mai fili a Ingila, domin idan gadon Lancaster bai tsira ba, na kowa ma bai tsira ba. Richard ya tafi yaƙi Ireland a ƙarshen Mayu. Wajen farkon Yuli Henry ya sauka a Ravenspur da 'yan mutane kaɗan, yana cewa gadonsa kawai ya zo karɓa. Tsofaffin barorin mahaifinsa suka buɗe masa ƙofofi, manyan arewa irin su gidan Percy suka mara masa baya. Aka tuɓe Richard a ƙarshen Satumba, aka naɗa Henry ranar 13 ga Oktoba. Richard ya mutu a tsare a farkon 1400 a Pontefract, ɗaya daga cikin gidajen da ya ƙwace.

Makomar dukiyar

Da hawansa mulki Henry na IV ya ba da umarnin a riƙa gudanar da gadon Lancaster daban da dukiyar sarauta, don ya zauna a hannun zuriyarsa ko da mulki ya kuɓuce. A 1461 Edward na IV na gidan York ya ƙwace shi, amma shi ma ya bar shi a ware. Haka yake har yau: filayen Lancaster ne ke samar wa sarkin Birtaniya kuɗin shiga na kansa, kuma akwai minista a gwamnati mai riƙe da muƙamin kula da su.

An binne John kusa da Blanche a tsohon cocin St Paul na Landan, kamar yadda ya yi wasiyya. Kabarin ya salwanta tare da cocin sakamakon babbar gobarar 1666. Shakespeare ya saka shi cikin wasan kwaikwayonsa Richard II a matsayin dattijo mai kishin ƙasa, siffar da ta yi nisa da yadda mutanen Landan na 1381 suka ɗauke shi.