Maurice André: daga ramin kwal zuwa sarautar busa

A ƙasar Manga, daga Diffa har Maine-Sorowa, in aka ji algaita an san akwai biki ko babban baƙo. A Faransa kuwa, in ana zancen ƙahon Turawa da ake kira trompet, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Maurice André.

An haife shi ran 21 ga Mayu 1933 a garin Alès, kudancin Faransa. Mahaifinsa mahaƙin kwal ne, yana taɓa busa in ya tashi aiki. Yaron na da shekara 14 shi ma ya shiga rami, ya yi shekara huɗu a ciki. In ya fito sai ya tafi ɗaukar darasi wurin Léon Barthélémy, abokin mahaifinsa.

Kuɗin karatu a Paris ya fi ƙarfin gidansu. Malamin ne ya nuna masa hanya: ya shiga badujalar soja, don ta nan ake samun shiga babbar makarantar kiɗa ta Conservatoire ba da biya ba. Ya shiga a 1951, a hannun Raymond Sabarich, malami mai tsanani. A 1953 ya zo na ɗaya a ajin trompet.

Daga nan ya yi shekaru yana busa cikin manyan ƙungiyoyin makaɗa: ta Lamoureux, ta gidan rediyon Faransa, da ta Opéra-Comique. Ya ci gasar duniya ta Jeneba a 1955, amma gasar Munik ta 1963 ce ta fito da shi daga sahun baya zuwa gaban dandali. Da ƙaramar trompet mai siririyar murya ya farfaɗo da kiɗan su Bach da Vivaldi, ya naɗi faifai sama da 300.

A 1967 ya gaji kujerar Sabarich, ya koyar har 1978. Guy Touvron, Bernard Soustrot da Thierry Caens duk ta hannunsa suka biyo. Tun 1979 birnin Paris ya buɗe gasar busa mai ɗauke da sunansa.

Ya rasu ran 25 ga Fabrairu 2012 a Bayonne, yana da shekara 78. Malamin ƙauye ne ya fara ɗora shi a hanya, shi kuma bai tafi da iliminsa kabari ba.