MICHAEL FARADAY: ƊAN MAƘERIN DA YA BUƊE ƘOFAR LANTARKI

Sau da yawa mukan ji ɗalibai suna cewa kimiyya sai 'ya'yan masu hali, ko kuwa sai wanda Allah ya ba shi kan lissafi. Saboda haka muka ga ya dace a wannan shekara mu kawo tarihin wani mutum wanda bai sami ko ɗaya cikin waɗannan biyu ba, amma duk wanda ya kunna fitilar lantarki a yau yana cin moriyar aikinsa.

An haifi Michael Faraday ran 22 ga Satumba, 1791, a wata unguwa da ke kudancin birnin Landan, a ƙasar Ingila. Mahaifinsa maƙeri ne, ba shi kuwa da cikakkiyar lafiya, saboda haka gidan ya sha talauci ƙwarai. Akwai lokacin da aka ba yaron burodi guda, aka ce shi ne abincinsa na mako. Karatun da ya yi a makaranta bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 13 ya shiga aikin kai jaridu gida-gida. Shekara guda bayan haka maigidansa, George Riebau, ya ɗauke shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai na tsawon shekara bakwai.

A wannan shago ne ya yi sakandarensa da jami'arsa. Littafin da aka kawo ɗinki, sai ya karanta shi kafin mai shi ya zo karɓa. A cikin wani babban kundin ilimi ya karanta bayani a kan lantarki, ya kuma sami littafin wata mata, Jane Marcet, wadda ta bayyana ilimin haɗa sinadarai da sauƙin harshe. Bai tsaya ga karatu kaɗai ba. Da 'yan kuɗin da yake samu yakan sayi kwalabe da waya, ya gwada abin da littafi ya faɗa, domin ya gani da idonsa ko gaskiya ne.

A shekarar 1812 wani mai zuwa shagon ya ba shi tikitin sauraron laccocin Humphry Davy, babban masanin sinadarai na cibiyar bincike da ake kira Royal Institution. Faraday ya rubuta dukan abin da ya ji, ya yi zane-zane, ya ɗinke su suka zama littafi mai shafi wajen 300, ya aika wa Davy yana roƙon aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje, yana wanke kwalabe, yana shirya kayan aiki. A wannan shekara ya bi Davy zuwa Faransa da Italiya. Uwargidan Davy ta riƙa yi da shi kamar bara, ba ta son ya zauna cin abinci tare da su. Ya haƙura, gama a tafiyar ya ga manyan masana irin su Ampère da Volta ido da ido.

A shekarar 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Oersted, ya lura cewa in lantarki yana bin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkata. Wato akwai dangantaka tsakanin lantarki da maganaɗisu, wanda muke kira mayen ƙarfe. A watan Satumba na 1821 Faraday ya kafa maganaɗisu a tsaye cikin kwanon zaiba, ya rataya waya tana taɓa zaibar, ya haɗa da batir. Sai waya ta kama zagaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan shi ne kakan duk injin da lantarki ke juyawa, daga fanka har injin niƙa. Maimakon yabo sai ya sha zargi, aka ce ya ɗauki tunanin wani. Har Davy kansa ya yi ƙoƙarin hana a zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society, amma aka zaɓe shi a 1824.

Tambayar da ta dame shi ita ce, tun da lantarki na iya haifar da ƙarfin maganaɗisu, me zai hana maganaɗisu ya haifar da lantarki? Ya gwada sau da dama cikin shekara goma, bai ga kome ba. Ran 29 ga Agusta, 1831, ya naɗa wayoyi biyu a kan zoben ƙarfe, ɗaya a kowane gefe, ba su taɓa juna. Ya haɗa ta farko da batir, ta biyu da ma'auni. Allurar ma'aunin ta motsa a daidai lokacin da ya haɗa batir, ta koma, sa'an nan ta sāke motsawa da ya cire. Wani zai iya raina wannan ɗan motsi, amma shi ya gane sirrin: sai ƙarfin maganaɗisu yana canzawa ne lantarki yake fitowa. A watan Oktoba ya tura sandar maganaɗisu cikin naɗin waya, ya zaro, allura ta motsa. Daga nan ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin bakunan babban maganaɗisu, lantarki ya yi ta fitowa. Zoben nan shi ne taransifoma ta farko, faifan kuwa janareta na farko. A madatsar Kainji da ta Shiroro ruwa ne ke juya injin, a keke kuwa taya ce ke juya dainamo, amma ka'idar ɗaya ce, ta 1831.

Babban tunaninsa ma ya fi waɗannan na'urori. In muka ɗora takarda a kan maganaɗisu muka barbaɗa garin ƙarfe, za mu ga ya jeru layi-layi. Faraday ya ce waɗannan layuka na gaske ne, suna nan cikin sarari ko da ba garin ƙarfe, su ne kuma ke ɗauke da ƙarfin daga wannan abu zuwa wancan. Masana da yawa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, domin bai iya rubuta ta da lissafi mai zurfi ba. Sai da wani saurayi ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya zuba ta cikin lissafi, ya nuna a 1865 cewa haske kansa igiyar lantarki da maganaɗisu ce. Daga nan hanya ta buɗe zuwa rediyo da talabijin da wayar hannu.

Faraday mai bin Almasihu ne, cikin wata ƙaramar ikkilisiya da ake kira Sandemaniyawa. Ya auri Sarah Barnard a 1821, ba su sami haihuwa ba. A 1840 aka naɗa shi dattijon ikkilisiya, yana wa'azi, yana ziyartar marasa lafiya. Ya ɗauki binciken halitta a matsayin karanta aikin hannun Mahalicci, saboda haka ba ya yarda ya rubuta abin da bai gani ba. Ya sa wa sakin layin littattafan gwajinsa lamba, suka haura 16,000, har da gwaje-gwajen da ba su yi nasara ba. Sau biyu ya ƙi shugabancin Royal Society. A lokacin Yaƙin Kirimiya, tsakanin 1853 da 1856, gwamnati ta nemi taimakonsa wajen haɗa iska mai guba, ya ƙi. Amma ya ba da lokacinsa ga binciken fashewar mahaƙar kwal ta Haswell a 1844, da gyaran fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Ya kuma tsayar da laccocin Kirsimati domin yara, shi kansa ya gabatar da su sau 19. Mafi shahara cikinsu a kan kyandir ne kawai, da yadda yake ci.

Da tsufa ya zo, mantuwa ta dame shi, ya ajiye aiki. Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, a gidan da Sarauniya Biktoriya ta ba shi a Hampton Court. Tun da ransa ya ƙi a binne shi tare da sarakuna a Westminster, aka kai shi maƙabartar Highgate.

Ba mu kawo wannan tarihi domin ɗalibai su yi sakaci da lissafi ba, gama tunanin Faraday sai da ya jira Maxwell kafin duniya ta amfana da shi sosai. Abin da muke roƙo shi ne, a ɗakin gwaje-gwaje kowa ya duba da idonsa, ya rubuta abin da ya gani, kada ya kwafi amsar maƙwabcinsa ko ta littafi. Ku kuma da kuke fita a wannan shekara, ilimin da kuka samu amana ne, za a nemi ku yi aiki da shi a inda ya dace da inda bai dace ba. Ubangiji ya ba ku hikimar bambancewa.