Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, Attajirin Da Ya Raya Sarari

In aka ambaci Alhaji Alhassan Ɗantata, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne dalar gyaɗa, da kuma raƙuma ashirin na kuɗin azurfa da ya kai bankin Turawa a Kano cikin 1929. Ba a cika tuna cewa gida da fili su ne turakun da ya ɗaure dukiyarsa a kai ba.

An haife shi a Bebeji cikin 1877, a zuriyar Agalawa, waɗanda fatauci ne gadonsu. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa Amarya kuwa ta tafi Ankara ta ƙasar Gwanja, ta bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga gare ta ya sami laƙabinsa. Da ya tasa ya bi hanyar goro, har ya zama cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko.

A zangunan Kurmi ya ga yadda gida ke haifar da kuɗi. A can maigida, wato fatoma, shi ke sauke fatake, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya nemo mai saye, ya kuma tsaya wa wanda ya ɗauki kaya bashi. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. La'ada yake ci. Saboda haka yawan ɗakunan mutum shi ne yawan baƙinsa, yawan baƙinsa kuwa shi ne girman cinikinsa. Mai ba da haya a yau, wanda ba ya ganin ɗan hayarsa sai ƙarshen shekara, da wuya ya gane wannan lissafi.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, Ɗantata ya komo gida. Ya kafa gidansa a Sarari, gefen unguwar Koƙi, wurin da a lokacin fili ne kawai. 'Yan'uwa da yaran gida suka zauna kewaye da shi, har wurin ya zama unguwa. Daga 1918 ya shiga sayen gyaɗa domin Kamfanin Neja, wanda daga baya ya zama U.A.C. Yakan ba yaransa jari su bazu ƙauyuka. Gyaɗar da manoman Lardin Kano suka noma, har da na ƙasar Kazaure da Roni da Ɓaɓura da ke cikin Jihar Jigawa tun 1991, kan jakuna da raƙuma take isa birni, kuma sai mai wurin ajiya ke iya riƙe ta har jirgi ya kwashe.

Mallakar wuri a zamanin nan kuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukan filayen Arewa a hannun Gwamna. A cikin ganuwa Sarki da masu unguwanni ke ba da fili, mutum ya gina, ginin nasa ne amma ƙasar ba tasa ba ce. A waje kuwa, kusa da tashar jirgi inda kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna, sai da takardar izinin zama. Haya irin ta kuɗi a Sabon Gari da Fagge ta fi yaɗuwa, inda baƙi suka yi yawa. A birni aron gida aka fi sani. Ɗantata ya iya tafiya da tsarin biyu duka, ya riƙe mutuncinsa a fada, ya kuma yi gogayya da baƙin 'yan kasuwa a fagensu.

Abin da ya fi damunsa a ƙarshen rayuwarsa shi ne rabon gado. Attajirai da yawa sun shuɗe a Kano, aka raba gidajensu ɗaki-ɗaki, sunansu ya bi ruwa. Da ciwo ya tsananta cikin 1955, ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bar kamfanin Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa ya rushe. Allah ya yi masa rasuwa ran Laraba, 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

'Ya'yan sun riƙe wasiyya. Ahmadu ya fara jan ragamar kamfanin, bayan rasuwarsa cikin 1960 Aminu ya karɓa, ya faɗaɗa harkar gine-gine da gidaje, har Allah ya karɓi ransa cikin 2025 aka binne shi a Madina. Sanusi kuwa shi ne kakan Aliko Ɗangote ta wajen uwa.