Sewall Wright, Masanin da Ya Sanya Dace Cikin Lissafin Gado

A ranar 3 ga Maris, 1988, Sewall Wright ya rasu a birnin Madison na Amurka, bayan ya zame a kan ƙanƙara. Yana da shekara 98, kuma a wannan shekarar ce maƙalarsa ta ƙarshe ta fito.

An haife shi a 1889 a jihar Massachusetts. Iyayensa auren zumunci suka yi, abin lura ga wanda daga baya ya ƙirƙiro ma'aunin kusancin jini. Ya kammala digirin digirgir a Harvard a 1915 kan launin gashin ɓeran Masar, sannan ya shafe shekara goma a Ma'aikatar Noma yana bin salsalar dabbobi.

A maƙalarsa ta 1931 ya warware batun da sunansa ya manne da shi. Ƙwayar gado takan zo nau'i-nau'i, kuma uwa ko uba rabin abin da suke ɗauke da shi kaɗai suke miƙa wa ɗa. Wane rabi ne, dace ke yanke hukunci. A garke mai dubbai, wannan kai-komo yakan daidaita kansa. A ƙaramin garke kuwa, wani nau'i na iya mamaye ko'ina, wani ya ɓace ƙurmus, ba don ɗaya ya fi ɗaya amfani ba. Wright ya ƙara da cewa ƙidayar kawuna tana yaudara: ta fuskar gado, bijimi ɗaya da shanu ɗari ba su wuce dabbobi huɗu ba.

Wannan ya haɗa shi da Ronald Fisher na Ingila, wanda ke ganin zaɓin yanayi ne ke jan ragamar kusan komai. A 1947 Fisher da E. B. Ford suka kafa hujja da wani ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi kusa da Oxford, cewa sauyin da suka auna ya fi ƙarfin dace. Wright ya mayar da martani a 1948. Fisher ya rasu a 1962 ba su shirya ba.

Adalci shi ne a ce babban ra'ayin Wright, cewa rarrabuwa zuwa ƙananan rukunoni ce ke buɗe wa halittu hanyar inganta, bai gamsar da masana da yawa ba. Lissafinsa kuwa ya tsaya daram. A kansa Motoo Kimura na Japan ya ɗora ginin nasa a 1968, kuma da shi ake auna yawan namun dajin da dole su rage kafin gadonsu ya tsiyace.