Sayyidina Umar da Rabon Jarirai a Baitulmali

An haifi Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (Allah Ya ƙara masa yarda) a Makka, cikin Banu Adiyyi na Ƙuraishawa, kimanin shekara 13 bayan Shekarar Giwa. Ya tashi yana kiwon raƙuman mahaifinsa, ya musulunta a shekara ta 6 da aiko Manzon Allah (SAW), kuma ya karɓi halifanci a shekara ta 13 bayan Hijira. Yawancinmu mun san shi da buɗe Sham da Iraƙi da Masar, amma kaɗan ne daga cikinmu ke tuna abin da ya yi wa jarirai.

Da dukiya ta yawaita, sai ya kafa diwani, wato kundin masu karɓar rabo daga baitulmali. Da farko ba a rubuta sunan yaro sai an yaye shi. Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa wani dare fatake suka sauka a Madina, Umar da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Har sau uku yana jin kukan wani jariri, yana zuwa yana yi wa uwar faɗa. Daga ƙarshe ta bayyana masa, ba tare da ta gane shi ba, cewa yaye ɗan take yi tun lokaci bai yi ba, domin a sa shi cikin masu rabo. A sallar Asuba kuka ya rinjaye shi, har mamu ba sa fahimtar karatunsa. Abin lura a nan, bai ɗora wa matar laifi ba, dokar da shi kansa ya kafa ya tuhuma. Ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun daga haihuwa, ya kuma rubuta wa larduna haka. An ruwaito cewa rabon dirhami 100 ne, yana ƙaruwa da girman yaro.

Bai manta da 'ya'yan tsintuwa ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin mutumin da ya kawo masa yaron da aka yasar, Umar ya hukunta cewa yaron ɗa ne ba bawa ba, kuma ciyar da shi yana wuyan hukuma.

A watan Zulhajji na shekara ta 23, Abu Lu'ulu'ata ya soke shi yana limancin sallar Asuba. An binne shi a ɗakin Nana A'isha, kusa da Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar.