Malam Aminu Kano da Tushen Banga a Birnin Dabo

Da zarar zaɓe ya ƙarato, ko a Miga ne ko Jahun ko Haɗeja, sai ka ga motoci maƙare da samari riƙe da gora suna rakiyar ɗan takara. Wasu ƙannenmu ne, wasu ma aji ɗaya muka zauna da su a sakandare. Abin nan ya girmi iyayenmu. Wanda ke son ganin mafarinsa sai ya duba rayuwar Malam Aminu Kano, mutumin da aka fara jibgar magoya bayansa tun wannan yanki namu yana ƙarƙashin lardin Kano.

An haifi Malam ranar 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne da ya yi aiki a kotun alƙali. Ya yi Midil ta Kano, ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, ya koyar a Midil ta Bauchi, sannan a 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Bayan ya dawo ya riƙe makarantar horon malamai ta Maru, amma a 1950 ya ajiye aikin. A shekarar ne aka kafa NEPU a Kano, ranar 8 ga Agusta, kuma zuwa 1953 shi ne shugabanta.

Me NEPU ke nema? A rage zaluncin En'e, a daina aikin tilas da harajin da ke tsotse talaka, a gyara kotunan alƙalai. Masu sarauta da jam'iyyar NPC ba su ji daɗin wannan ba ko kaɗan.

To, tun kafin siyasa Kano tana da 'yan farauta da 'yan tauri. Kowace unguwa da dabarta, wato wurin da samari ke taruwa, da babbansu, da makaɗinsu. Da rani su fita daji da karnuka, wani lokaci a yi rikici kan abin da aka kamo, a dawo gida. Siyasa ce ta jawo wannan ƙarfi cikin gari ta sa masa farashi. A farkon shekarun 1950 aka samu gungun da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, aikinsu tarwatsa taron NEPU da dukan 'ya'yanta. 'Yan doka na En'e ne, kotu ma ta En'e ce, don haka sau da yawa wanda aka fasa wa kai shi ke kwana a gidan yari. A Zariya, Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri. A watan Mayu 1953 kuma rikicin siyasa ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka da dama tsakanin birni da Sabon Gari.

Malam mutum ne da ya karanta gwagwarmayar Gandhi na Indiya, ya fi yarda da lacca da rubutu da wayar da kai. Amma jam'iyyar da ake duka kullum ba ta zama hannu rabbana. NEPU ma ta tara nata samarin masu tsaron taro da rakiyar shugabanni. Nan fa aka samu banga ta ɓangare biyu, kuma duk 'ya'yan talakawa ne, talakawan da Malam ya ce don su ya bar aikinsa.

A 1959 ya ci kujerar Majalisar Wakilai. Da soja suka karɓi mulki a 1966 aka rushe jam'iyyu, shugabanni suka sami wasu ayyukan, shi kansa ya zama kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon daga 1967. Samarin fa? Babu sana'a, babu boko, sai makami da suna. Sai suka koma faɗan unguwa da unguwa, ga shaye-shaye, ga ƙwace.

Da aka dawo siyasa a 1978 Malam ya jagoranci PRP, a 1979 ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Ba a jima ba ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo, kasuwar 'yan banga ta sake buɗewa. Ranar 10 ga Yuli 1981 aka yi tarzoma a Kano, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 a gidansa na Gwammaja, bai tara dukiya ba. Gidan yanzu shi ne Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa duk suna ɗauke da sunansa. Samarin da suka zubar da jini a kan titi kuwa, na kowane ɓangare, kusan babu wanda ke tuna sunayensu.

'Yan uwa ɗalibai, mu ma muna da zaɓen ƙungiya, kuma 'yan siyasa na leƙo mu. In aka miƙo maka kuɗin mai aka ce ka tara yara, ka fara tambayar ina 'ya'yan mai miƙowar suke a ranar. Allah Ya jiƙan Malam, Ya shiryi matasanmu.