Baba ta Karo: Tsohuwar da ta adana tarihin lalle da kwalliyar matan karkara

A yau an fi sanin Kura da Bunkure da shinkafa da tumatir, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Amma shekaru ɗari da suka wuce, rini ne ya kai sunan Kura nesa. Turkuɗinta, wanda ake kira 'yan Kura, ana rina shi da baba, a buge shi har ya riƙa sheƙi, fatake su kai shi ga Buzaye cikin Sahara, inda shuɗin da yake bari a fata ya zama ado. Tarihi ya riƙe sunayen sarakuna da attajiran wancan zamani, ya manta da matan da suka kaɗa zaren. Ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da labarinsu ya tsira ita ce Baba ta Karo.

An haife ta wajen 1877 a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, a kudu maso yammacin ƙasar Kano. Danginta asalinsu Barebari ne, mahaifinta manomi ne kuma malami. Gidansu na da rinji da bayi, kuma ta tashi a zamanin da mahara ke kama mutane a gona ko a hanya, sai dangi sun tara wuri sun fanso su. Cikin wannan zaman ɗar-ɗar 'yan mata ke yin kitso, su zizara kwalli, su tafi dandali ranar kasuwa.

Tana da kimanin shekara 14 aka yi mata auren zumunci da ɗan'uwanta Duma. Bayanin da ta bari kan aure ya nuna cewa lalle a wurinsu ya wuce abin rina hannu da ƙafa. Shi ne shelar cewa yarinya ta bar gidan iyaye. Ana kama amarya a shafa mata, ta yi kuka, ƙawayenta su gudu da ita su ɓoye, tsofaffi su bi sawu su dawo da ita. Kowace mace a dangi ta san aikinta da abin da za ta kawo.

A nan kwalliya ta haɗu da tattalin arziki. Mace kan ƙulla ƙawance da wata, su riƙa yi wa juna gudunmawa a suna da aure, kowace ta mayar da fiye da abin da aka kawo mata. Kuɗin kuwa daga guminsu yake fitowa: kaɗi, da sayar da abinci, da ƙananan sana'o'in cikin gida. Zane da kwanuka da kayan adon da mace ta tara mallakarta ne, ba na miji ba, kuma da su take fita idan aure ya mutu. Ga macen da ba ta da gona ko sarauta, wannan ne asusunta.

Baba ta ga zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903. Dokarsu ta 1901 ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga wannan shekara, sannu a hankali bayin rinji suka watse, arzikin gidaje irin nasu ya ja baya. Ba ta ɓoye cewa danginta sun yi asara ba, haka kuma ba ta ɓoye cewa hare-hare sun ƙare, hanyoyi sun yi lafiya ba. Ta yi aure sau huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi, ta kuma zama ungozoma.

A garin Giwa na ƙasar Zazzau ta haɗu da Mary Smith, matar masanin al'adu M. G. Smith. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin da ya fito da sunanta a Landan a 1954 ba. Har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya, alhali da yawa daga matasan ƙasar da ta haife ta ba su taɓa jin sunanta ba.

Ba duk abin da kakanni suka shafa ne ba shi da illa. Kwallin gargajiya yakan ƙunshi dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar jarirai. Sai dai lalle da shuni da kaɗanya a ƙasar nan ake samun su, kuma ribar tana zagayawa a hannun makwabta. Yanzu kasuwar ta koma ga mayukan bilicin, waɗanda hukumar NAFDAC ta ayyana amfani da su a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'a a 2023.

Tsofaffin da suka ga ƙarshen zamanin marina a Kura suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Labarin Baba ya tsira ne domin an samu wadda ta zauna makonni tana sauraron ta da alƙalami a hannu, kuma baƙuwa ce daga ƙetare.